Bakwai a Hagu, Shida a Dama

Shekaranjiya wani saurayi ya tsaya a ƙofar shagona a Tishigu, ko babur ɗinsa bai kashe ba, ya leƙo ya ce, "Baba Foto, har yanzu kana nan kana shan wahala? Akwai ap ɗin da zai yi aikinka na sati guda a minti ɗaya." Na ce Allah ya ba da sa'a, ya ja babur ya wuce. Da ya kashe injin ya zauna a benci, da na ba shi labarin da zan ba ku yanzu. Amma ku ba ku zama. Abin da ya wuce minti ɗaya sai ku ture shi da babban yatsa ku nemi na gaba.

Sunana Yakubu, amma a Tamale ba wanda ya san ni da shi sai matata. Sama da shekara arba'in ina sana'ar hoto, ɗauka da wanki da gyara, kuma na gaji da yaran da suke ganin duk wanda ya riƙe waya ya zama mai hoto.

A wajen Masta Iddi na koya, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu na yi ban taɓa kyamara ba. Wanke tasoshin ruwan magani nake yi, in ɗebo ruwa, in shanya hotuna a igiya kamar kayan wanki. Ɗakin duhun da muke wankin hoto rufin kwano ne, ba taga, fitila ɗaya ce ja. Da bazara kana ciki gumi na zuba a idonka, ba ka da ikon sharewa domin hannunka na cikin magani. Farcena duk suka koma ruwan goro, har uwata ta ɗauka wata cuta ce. Bayan shekara biyun nan, abin da Masta ya fara miƙo mini ba kyamara ba ce, fensir ne. Ya fere shi har bakinsa ya yi tsinin allura. Da shi ake gyara fim kafin a wanke hoto: ka ɗora fim a kan gilashi, haske na shigowa ta ƙasa, ka sunkuya kana ɗiga baƙi ɗaya bayan ɗaya inda ƙurji ko ƙarce ya ɓata fuska.

Aikina na farko da fensir ɗin, hoton wani Bamoshe ne mai fataucin shanu, yana son na takardar tafiya. Na ga wani layi ya gangaro daga karan hancinsa zuwa kunci, na ɗauka fim ne ya ƙarce. Na zauna awa guda na cike shi tsaf, na wanke, na kai wa Masta ina jiran yabo. Ya duba, ya duba ni. Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi sauƙi. Ya sa na bi mutumin har kasuwar shanu da ƙafa, na durƙusa na ce na goge masa tsaga, ya yi haƙuri ya dawo a sake ɗauka. Da na dawo Masta ya ce, "Yakubu, ƙurji baƙo ne, gobe zai tafi, shi kake gogewa. Tsaga 'yar gida ce. Ubansa ne ya biya wanzami ya sa masa, kai wane ne da za ka cire?" Tun ranar, kafin in taɓa fuska sai na ƙirga abin da ke kanta.

Akwai wata al'ada ta shagon da ya kamata ku sani, don a kanta labarin ya rataya. Duk hoton da ya fita, Masta zai juya shi ya rubuta lamba a baya da fensir. Fim ɗin, wanda shi yake kira uwar hoto, sai a sa a ambulan mai lambar nan a jera a kwali. Yakan ce wa mai hoto, "In ya jiƙe, in ya yage, in ɓera ya ci, kawo lambar kawai. Uwarsa na nan." Mutane sun riƙe maganar nan da gaske. Da Masta ya rasu ya bar mini shagon da kwali shida cike da iyayen hotunan rabin zangon Tamale.

Sai shekarar tsiya ta zo, shekarar da kowace waya ta fito da ido a bayanta. Suna, biki, walimar alhazai, duk inda na je da jakata sai in tarar da mutum ashirin sun ɗaga waya sun tare mini gaba. Wata uku ba wanda ya zauna a kujerar shagon. Mai gidan da nake haya ya ce yana son ɗakin zai ba masu sayar da waya, na koma wannan kwantenar da kuke gani, wadda in na miƙe hannu biyu sai in taɓa bango da bango. Kwali shida ba su da wurin zama. Na ce wa kaina ba mai zuwa neman waɗannan kuma, duniya ta wuce wurin. Ranar da zan tashi na fitar da su bayan shago na kyasta ashana. Fim yana cin wuta kamar an zuba masa fetur, hayaƙin baƙi ƙirin, mai wari. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kada wani ya ce tsoho ne yake gaba da na'ura. Na sayi kwamfuta, na sayi sikana, na zauna gaban yaron da na haifa ya koya mini, ban ji kunya ba. Yau da su nake gyaran tsofaffin hotuna, abin da nake yi da fensir shi nake yi da linzamin kwamfuta, ɗigo bayan ɗigo. Abin da yake ƙona mini rai shi ne irin yayin da kuke bi a dandalin sada zumunta kamar tumaki. Wannan watan manhajar da ke mai da mutum tsoho. Wata mai zuwa wadda ke mai da baƙar yarinya fara sol, har uwarta ta wuce hotonta ba ta gane ba. Sai wadda ke sa wa mai tura baro kwat ta tsayar da shi gaban motar da bai taɓa shiga ba. Duk wannan na ce wasan yara ne, fuskarku ce, ku yi yadda kuka ga dama da ita. Sai da kuka kai ga matattu. Aka fito da wadda ake ba ta tsohon hoto ta wanke shi, ta sa masa launi, ta sa mamaci ya ƙifta ido ya yi murmushi. Garin nan kaf ya ɗauka, kowa ya tono kakansa yana sa shi ƙifce.

Wata Talata da hantsi, ƙarshen damina, keke mai ƙafa uku da muke kira yalo-yalo ya tsaya a ƙofata. Wata tsohuwa ta sauko da ƙyar, wani mutum mai kamar shekara talatin yana riƙe da hannunta. Hajiya Azumi ce daga Gumani, Badagomba ce, Hausarta a gidan aure ta koye ta. Mijinta Malam Garba, Bagobiri mai fataucin goro, ya rasu tun kafin a haifi jikan nan nata da ya kawo ta, Mubarak. Shi Mubarak malamin makaranta ne, kuma yana da shafi a dandali inda yake sa bidiyo, mutane da yawa na bin sa.

"Dasiba, Mma," na gaishe ta da Dagbanci, na ba ta kujera.

"Naa," ta amsa a gajarce. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta kwance ƙullin zane a cinyarta ta fito da hoto.

Kallo ɗaya na san aikin Masta ne, na gane labulen bayan da kujerar. Namiji ne zaune da babbar riga da hula, hannu a gwiwa. Amma kuncinsa na hagu babu shi. Daga gefen baki har kunne farar takarda ce kawai, an ɗaye fatar hoton.

Na dubi Mubarak. Ya sunkuyar da kai ya fara bayani. Hoton yana cikin firam a ɗakin kakarsa tun yana yaro, shi kaɗai ne hoton Malam Garba a duniya. Ya so ya yi mata abin mamaki, ya sa shi a manhajar nan. Da ya ɗauka da waya ta saman gilashi, haske yana dawowa, sai ya buɗe firam ɗin. Raɓar damina ta shekara da shekaru ta manne hoton da gilashi. Ya ja, ya ƙi. Ya sa reza.

Duk wanda ya yi wata ɗaya a shagon hoto ya san ba a jan hoton da ya kama gilashi. A sikana ake ɗora shi da gilashinsa. Amma wa zai tambayi tsoho, ga waya a hannu?

"Baba, na ce ba matsala," in ji shi, "ap ɗin zai cike wurin. Kuma ya cike. Duba ka gani."

Ya miƙo mini wayar. Wani kyakkyawan mutum ne a ciki, fata sumul kamar ta ɗan jariri, yana juya kai, yana ƙifta ido, yana murmushi da haƙora farare a jere. Kuncin hagu an ƙirƙiro masa sabo. Na dama kuwa, inda tsagar Gobir guda shida take kwance daga gefen baki zuwa kunne, ƙarara a takardar da ke hannuna, manhajar ta ɗauka ƙarce ne ta share su tas. Kuskuren da na yi ina ɗan shekara goma sha bakwai, shi na'ura ta yi, sai dai ita ba wanda zai tura ta kasuwar shanu ta durƙusa.

"Ka sa shi a shafinka?" na tambaya.

"Ya tafi sosai, Baba. 'Yan Kumasi da 'yan Ankara, babban birninmu, duk sun shiya, suna ta turawa. Gurup ɗin dangi kowa na kuka."

Hajiya ta ce, "Suna kukan wani. Ya kawo mini, ya ce Mma ga Kaka. Na ce wane kaka? Mijina goro ya ci haƙorinsa. Mijina ba ya dariya gaban mutane. Wannan ban san shi ba, ban taɓa dafa masa tuwo ba." Ta juya hoton ta nuna mini baya da yatsa. Ga lambar nan da rubutun Masta, fensir ɗin ko dushewa bai yi ba. "Maigidanka ya ce in ya ɓaci a kawo lamba. Na kawo. Idona yana tafiya, likita ya ce ba ya dawowa. Ina so in ga mijina kafin ya rufe."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Kuma kun san abin da na yi? Ƙarya na yi. Na ce, "Mma, gara ta cinye kwalayen tuntuni." Ta dube ni da idon nan mai hazo. Haushin kaina sai na juye shi a kan Mubarak, na daka masa tsawa na ce ina gilashin. Ya ce ya fashe a hannunsa, ya zubar a bola bayan gida. Na ce fuskar kakanka ka zubar a bola, malamin makaranta.

Na rufe shago na hau bayan babur ɗinsa muka tafi Gumani. Kwana tara ke nan da zubarwa, an yi ruwa sau biyu. Muka tona bolar da itace, ledoji, ɓawon gyaɗa, tokar murhu, kaji na taya mu. Babu gilashi. Wani maƙwabcinsu manomi yana zaune a gindin dalbejiya yana kallonmu, can ya ce me muke nema. Da muka faɗa sai ya shiga gida ya fito da gutsure biyu. Ya tsince su ne don kankare ƙotar fartanya, kun san ba abin da ke sa ƙota santsi kamar fasasshen gilashi. Ɗaya ya riga ya yi aiki da shi. Ɗayan, mai faɗin tafin hannu, ya soke shi a jikin danga inda ruwa bai taɓa ba. Na ɗaga shi sama. Ga kuncin Malam Garba manne a jiki, da tsaga biyar. Inda sauran suke, can wajen kunne, ya tafi da gutsuren da ya kankare fartanya.

Kwana huɗu na yi a kan aikin. Na ɗora takardar a sikana, na ɗora gilashin daban, na kawo su kwamfuta ina haɗa bakin yaga da bakin yaga kamar mai ɗinkin ƙwarya. Hasken gilashi daban, na takarda daban, sai na daidaita su. Tabon raɓa na goge, ƙurar da ta shiga na goge, waɗannan baƙi ne. Aka bar ni da fili kamar faɗin babban yatsa kusa da kunne, ba komai a ciki. Na san Gobirawa, na ɗauki da yawa, zan iya zana abin da ya yi kama. Amma in na zana daga kaina, mene ne bambancina da wayar Mubarak? Na aika a kawo Hajiya.

Na ce, "Mma, guda nawa ne a hagu?"

"Bakwai. Shida a dama, bakwai a hagu."

"Biyar na samu. Biyun nan ta ina suka bi?"

Ta yi ƙoƙarin nuna mini a fuskar kwamfuta, idon bai ba ta ba. Sai ta ce, "Mubarak, zo nan. Durƙusa." Ya durƙusa a gabanta, a ƙasa cikin kwantena, da wandonsa na zuwa makaranta. Ta laluba jaka ta fito da tandun kwalli, ta zaro maciyin, tsinken da ake sa kwallin da shi. Ta kama haɓarsa ta juya kuncin hagu wajen ƙofa. "Ƙashin fuskarsa ne da kai," ta ce. Ta fara ja daga gefen baki, a hankali, tana ƙirgawa da Dagbanci. Na shida ya tafi dogo har gindin kunne. Na bakwai ta ja rabi ta tsaya, ta ɗaga, ta ci gaba kaɗan a ƙasa.

Na ce, "Hannu ne ya goce, Mma?"

"Bai goce ba. Haka yake. Ya ce ya yi motsi a hannun wanzami yana jariri, aska ya tsallake. Nan nake sa yatsana."

To ku gaya mini wace manhaja ce ta san wannan. Mubarak yana durƙushe, hawaye na gangarowa ta kan kwallin, na ce kada ka kuskura ka share. Na ɗauki kuncinsa da kyamara, na sa kusa da na kakansa, na bi layin Hajiya ɗigo bayan ɗigo, har da inda askar ta tsallake.

Na wanke shi babba, baƙi da fari yadda Masta ya ɗauka, na sa kwali tsakanin hoton da gilashi don kada ya sake kamawa. Ranar da suka zo karɓa ta fita da shi bakin ƙofa inda rana take, ta kawo shi dab da hancinta. Ta daɗe. Ta bi kuncin hagu da yatsa ta saman gilashi, ta tsaya a na bakwai. Ta ce, "Malam, sannu da zuwa."

Mubarak ya goge wancan daga shafinsa, ya sa na gaskiyar, ya rubuta bayani da ban haƙuri. Mutum nawa suka kula? 'Yan tsiraru. Wata 'yar uwarsu ma ta rubuta a ƙasa cewa na farkon ya fi kyau, wannan ya cika zane. Shi kuwa na ƙaryar ya riga ya shiga wayoyin da ba su ƙirguwa. Har yau in azumi ya zo sai wani a dangin ya sake tura shi yana neman a yi wa Kaka addu'a, baƙon nan mai fararen haƙora yana ƙifta wa jikokin Malam Garba ido. Yaran da za a haifa gobe shi za su sani. Wannan ba ni da fensir ɗin da zai gyara shi, kuma duk lokacin da na tuna sai raina ya ɓaci sabo.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin Hajiya ta tafi ranar nan, ta juya firam ɗin ta shafa bayansa, ta ce, "Ba lamba?"

Na ce yanzu ba a yi.

"Saboda gara?"

Mubarak ya fita neman yalo-yalo, daga ni sai ita. Na ce, "Mma, ba gara ba ce. Ni na ƙone su da hannuna."

"Na sani," ta ce. "Lokacin ina sayar da koko a bakin titin ku. Na ga hayaƙi, na tambaya, aka ce mai foto ne yana ƙona kaya. Na ce ba zai ƙona na mutane ba, amana ne." Ta ɗaure firam ɗin a zanenta, ta ƙulle. "Ka yi wa yaron nan faɗa har ya kasa cin abinci. Shi kaka ɗaya ya goge. Kai fa, nawa?"

Na ce ta kwance zanen. Na buɗe bayan firam ɗin, na laluba aljihun tebur na samo fensir, na fere shi. Aikin yana cikin kwamfuta, na kuma sa shi a wuri biyu daban, na wanke ƙarami na sa a ambulan. Sannan na rubuta lamba a bayan hoton, na rubuta irinta a ambulan ɗin, ta sa yatsa ta taɓa wurin. Lamba ta ɗaya, farkon sabon kwali.